Digiri 38 ko digiri 100? Yadda za mu karanta ma'aunin zafi

Yawancinmu da ke zaune a ƙauyuka mukan shiga cikin birnin Kano lokaci-lokaci. Wani ya kai mara lafiya Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, wata ta kai ɗanta Asibitin Yara na Hasiya Bayero, wasu kuma su je sayayya Kasuwar Kurmi. A irin wannan tafiya ce mutum kan tsaya a kantin magani ya sayi ma'aunin zafin jiki don ya ajiye a gida. Wannan abu ne mai kyau. Amma mun lura cewa mutane da yawa ba su san lambobin da ke jikin ma'auni iri biyu ne ba, kuma wannan rashin sani yana iya jawo asara, har ta rai.

Mu ɗauki misalin mata biyu. Ma'aikaciyar lafiya ta gaya wa ta farko cewa idan zafin jikin yaro ya kai 38, to zazzaɓi ne. Da dare ta sa wa ɗanta ma'auni a hammata, sai ya nuna 99. Hankalinta ya tashi, aka nemo mai babur cikin duhu, aka kashe kuɗin da ba a shirya ba, alhali jikin yaron lafiya lau yake. Ta biyu kuwa ta taɓa jin wani yana cewa zafin jikin mai lafiya 98 ne. Nata ma'aunin ya nuna 40, sai ta ce ai da sauran nisa, ta koma ta kwanta. Wannan yaron shi ne ke cikin haɗari. Ba ma'aunin da ya yi ƙarya a cikin biyun. Na farko yana ƙirga ne da lissafin Farenhait, na biyu kuma da lissafin Selsiyos.

Daga ina ma'aunan suka fito?

Na farko ya samo sunansa daga Daniel Gabriel Fahrenheit, wanda aka haifa a birnin Danzig a 1686, ya yi aikinsa na ƙera ma'aunai a ƙasar Holan. A 1724 ya fito da tsarinsa. Ya sa sifili a sanyin da ake samu idan aka cuɗa ƙanƙara da ruwa da wani irin gishiri. A wannan lissafi ruwa yana daskarewa a digiri 32, yana tafasa a digiri 212. Alamarsa ita ce harafin F.

Na biyu sunan Anders Celsius ne, malamin ilimin taurari a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin. A 1742 ya raba tsakanin daskarewar ruwa da tafasarsa gida 100. Shi ya sa 100 a wurin daskarewa, ya sa sifili a wurin tafasa, sai daga baya aka juya su yadda muka san su yau: ruwa yana zama ƙanƙara a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. A da ana kiran wannan ma'auni santigired. A 1948 aka amince a riƙa kiransa da sunan Celsius. Alamarsa harafin C ce.

Nijeriya da Nijar da kusan dukan ƙasashen duniya suna amfani da C. Da shi asibitocinmu suke aiki, da shi kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya take ba da rahoto. Amurka ce babbar ƙasar da ta riƙe F a harkokin yau da kullum. Shi ya sa kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka, da littattafan kiwo da na girki da aka rubuta a can, da kayan asibiti na taimako da ake aikowa daga can, sukan zo da F. Tsofaffin ma'aikatan lafiyarmu da suka koyi aiki a zamanin Turawan Ingila ma da F suka fara.

Me ya sa lambobin suka bambanta haka?

Mu tuna da kalanda biyu da ake gani a bangon shaguna cikin birni. Ranar 1 ga Janairu 2000 ta faɗo a cikin watan azumi na shekarar Hijira ta 1420. Rana ɗaya ce, amma lamba biyu. Dalili kuwa shi ne kalandojin ba daga wuri ɗaya suka fara ƙirga ba, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka. Haka abin yake ga ma'aunan zafi. Sun bambanta ta hanya biyu:

• Mafari. Inda C ya ce 0, F yana cewa 32.

• Girman taki. Tsakanin daskarewa da tafasa C yana da taki 100, F kuwa yana da 180, wato 212 a cire 32. Saboda haka kowane digiri 5 na C daidai yake da digiri 9 na F. Digiri 1 na C kuma digiri 1.8 ne na F.

Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu ya gama fahimtar lissafin.

Yadda ake juya lissafi

Daga C zuwa F: a ninka lambar sau 9, a raba gida 5, a ƙara 32. Misali, digiri 40 na C. 40 sau 9 ya zama 360. A raba gida 5, ya zama 72. A ƙara 32, ya zama 104. Wato digiri 40 na C shi ne digiri 104 na F.

Akwai wata hanyar da ake iya yi da ka, kuma tana ba da amsa daidai. A ninka lambar biyu, a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu, a ƙara 32. Misali 38. Ninki biyu 76. Kashi ɗaya cikin goma na 76 shi ne 7.6, idan an cire saura 68.4. A ƙara 32, ya zama 100.4.

Daga F zuwa C: a fara cire 32, sannan a ninka sau 5, a raba gida 9. Misali, digiri 102 na F. A cire 32, saura 70. 70 sau 5 ya zama 350. A raba gida 9, ya zama 38.9. Mai waya yana iya buɗe kwakuleta ya cire 32, ya raba abin da ya rage da 1.8.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da tsari. Idan za a tafi F, 32 ne ƙarshen abin da ake ƙarawa. Idan za a dawo C, 32 ne farkon abin da ake cirewa.

Gajeriyar hanya da haɗarinta

Wasu sukan ce a ninka biyu a ƙara 30, ko kuma a cire 30 a raba biyu. Wannan ya isa idan ana hirar yanayi ne kawai. Digiri 15 na C ta wannan hanya ya zama 60 na F, amsar gaskiya kuwa 59 ce. Amma zafi yana ƙaruwa, kuskuren yana girma. Mu gwada da digiri 104 na F. A cire 30, saura 74, a raba biyu, ya zama 37. Sai mutum ya ɗauka jikin yaro lafiya lau ne, alhali ainihin lambar 40 ce, zazzaɓi mai tsanani. Don haka kada mu kuskura mu yi amfani da gajeriyar hanya a kan mara lafiya, ko magani, ko ƙwai.

Lambobin da ya kamata mu riƙe

• 0 C = 32 F: ruwa yana zama ƙanƙara
• 2 zuwa 8 C = 36 zuwa 46 F: sanyin firjin allurar rigakafi
• 25 C = 77 F
• 30 C = 86 F: iyakar ajiyar magunguna da yawa
• 35.5 C = 95.9 F: sanyi mai haɗari ga jariri
• 37 C = 98.6 F: zafin jikin mai lafiya
• 37.5 C = 99.5 F
• 38 C = 100.4 F: zazzaɓi
• 39 C = 102.2 F
• 40 C = 104 F: zazzaɓi mai tsanani
• 100 C = 212 F: ruwa yana tafasa a bakin teku

Kano tana kan tudu, kusan mita 480 sama da teku, saboda haka ruwa yana tafasa a nan a wajen digiri 98 na C. Wannan ba ya hana tafasawa kashe ƙwayoyin cuta.

Idan jikin yaro ya yi zafi

Wani likita Bajamushe mai suna Carl Wunderlich ne ya yaɗa lambar 37 a matsayin zafin jikin mai lafiya, a littafin da ya buga a 1868. Yau an san cewa zafin jiki yana ɗan hawa yana ɗan sauka. Ya fi ƙasa da asuba, ya fi sama da yamma, kuma ya ɗan bambanta daga mutum zuwa mutum. Hammata takan nuna lamba ƙasa kaɗan da ainihin zafin cikin jiki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ɗaukar 37.5 C a hammata, wato 99.5 F, a matsayin farkon zazzaɓi ga ƙananan yara.

Ga hanya mai sauƙi ta gane irin lissafin da ma'auninmu yake yi. Idan mun gwada jikin mutum muka ga lamba tsakanin 35 da 42, to C ne. Idan muka ga tsakanin 95 da 107, to F ne. A ma'auni mai batir harafin yana fitowa a gefen lambar, kuma da yawa daga cikinsu ana iya sauya su daga F zuwa C ta hanyar danne maɓallin na ɗan lokaci. Mu roƙi mai kanti ya mayar mana da shi C tun kafin mu bar wurin.

Ga jariri sabon haihuwa, zafin da ake so shi ne 36.5 zuwa 37.5 C. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan ya kai 38 C, a kai shi asibiti nan take, ko da dare ne. Haka ma idan ya sauka ƙasa da 35.5 C. Sanyin jiki ga jariri yana iya zama alamar ciwo mai tsanani, musamman lokacin hunturu. A kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, a ci gaba da ba shi nono a kan hanya.

Lamba kaɗai ba ta isa ba. Ko nawa ma'auni ya nuna, a garzaya asibiti idan yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko barci ya yi masa nauyi har ba a iya tashe shi, ko wuyansa ya sanƙare. Kano tana cikin yankin da sanƙarau yake ɓarkewa lokacin rani da bazara, kuma annobar 1996 ta hallaka dubban mutane a arewacin Nijeriya. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, don haka a gwada jini kafin a sha maganinsa. Kafin a isa asibiti, a rage wa yaro kaya masu nauyi, a ba shi ruwa ko nono akai-akai. Kada a yi masa wanka da ruwan ƙanƙara.

Idan za mu faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da muka gani, mu faɗi lambar da harafinta da lokacin da muka gwada. Gara ma mu rubuta a takarda.

Allurar rigakafi da magunguna

A watan Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Kano ta yi shekaru tana fama da wannan cuta. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kawo nasara shi ne kiyaye maganin cikin sanyi tun daga ma'ajiya har bakin yaro. A asibitocin unguwa da na ƙauye ana ajiye allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 na C.

A nan ne ruɗani ya fi sauƙin faruwa, domin lambobin sun yi kama da juna. Ma'aunin firji na F da ya nuna 40 yana nufin 4.4 C, wato komai daidai. Wanda ya zaci C ne zai ce firji ya lalace, ya yi ta ƙara sanyi. Idan ya ci gaba har ma'aunin ya sauko 8, to ya kai digiri 13 ƙasa da sifili a lissafin C. Allurar sarƙe haƙora da ta ciwon hanta da ta haɗin cututtuka biyar duk suna lalacewa idan suka daskare, kuma narkewa ba ta gyara su. Za a yi wa yara allura, iyaye su koma gida da kwanciyar hankali, alhali babu kariya.

A jikin kwalin magunguna da yawa an rubuta kada a ajiye su inda zafi ya wuce 25 C ko 30 C. A watan Afrilu ɗakin kwano yana wuce haka nesa ba kusa ba. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, masu katanga mai kauri da rufin azara, sun fi sanyi da rana. Mu ajiye magani a ɗakin da ya fi sanyi, ƙasa-ƙasa, nesa da taga da murhu. Dabarar tukunya cikin tukunya ma tana taimakawa: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana rage zafi sosai lokacin da iska ta bushe, tana kuma tsawaita kwanan tumatir da alayyafo. Amma ba ta kai sanyin firji, saboda haka ba a ajiye allurar rigakafi a cikinta.

Masu kiwo da manoma

Injin ƙyanƙyasar ƙwai yana bukatar kusan 37.5 C, wato 99.5 F. Ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21, na zabo kuwa kwana 26 zuwa 28. Idan littafi ya ce 99.5 mai injin kuma ya sa wannan lamba a injin da ke lissafin C, to dafa ƙwan zai yi. Idan ya sa 37.5 a injin F, injin ba zai ɗumama komai ba. 'Yan tsaki a makonsu na farko suna son 32 zuwa 35 C, wato 90 zuwa 95 F.

Madarar shanu tana iya ɗauke da cuta. Idan an ɗumama ta zuwa 63 C, wato 145 F, aka riƙe ta haka minti 30, ƙwayoyin cutar suna mutuwa. Inda babu ma'auni, a tafasa ta kawai. Ƙwarin wake kuwa, da ƙwayayensu da tsutsotsinsu, suna mutuwa idan zafi ya kai 57 C, kusan 135 F, na tsawon awa ɗaya. Ana samun wannan zafi idan aka baza wake a kan baƙar leda da aka shimfiɗa bisa busasshiyar ciyawa, aka rufe da leda mai haske, aka bar shi cikin ranar tsaka.

Masu gasa biredi da kek su ma su lura. Littafin da ya ce a gasa a 350, F yake nufi, wato kusan 180 C.

Zafin gari

A Kano watan Afrilu ya fi kowane wata zafi, kuma ana yawan kaiwa 40 C ko fiye. A watannin Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba yakan sauko wajen 13 C, wato 55 F. Ana ɗaukar waɗannan lambobi ne a inuwa, cikin farin akwati mai ƙofofin iska da aka ɗaga sama da ƙasa. Mai noma a fili, ko mai rini da ke tsaye a bakin karofi a Ƙofar Mata, zafin da yake sha ya fi wanda rediyo ta faɗa. Idan ɗan'uwa ya bugo waya daga Amurka ya ce yau digiri 40 ne a wurinsu, sanyi yake nufi, har da rigar sanyi.

Akwai wani wuri guda da ba a ƙara 32. Idan ana maganar ƙari ko ragi ne, sai a ninka da 1.8 kawai. Zafin jikin da ya ƙaru da digiri 2 na C ya ƙaru da 3.6 na F. A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun amince su yi ƙoƙarin tsayar da ɗumamar duniya a 1.5 C. Wannan 2.7 F ne, ba 34.7 ba.

'Ya'yanmu da ke sakandare za su gamu da ma'auni na uku, wato Kelbin, wanda William Thomson ya kawo a 1848. Masu ilimin kimiyya ne ke amfani da shi. Takinsa daidai yake da na C, sai dai yana farawa daga iyakar sanyi, digiri 273.15 ƙasa da sifilin C. A ƙara 273 a kan lambar C, an sami ta Kelbin. Za su kuma koyi cewa C da F suna haɗuwa a wuri ɗaya tak: digiri 40 ƙasa da sifili.

Kula da ma'auni

Ma'aunin gilashi mai zaiba ba ya wuce 42 C. Idan aka bar shi a rana ko cikin mota, zai hau da kansa, yana ma iya fashewa. Kafin a gwada, a karkaɗe shi har ya sauko ƙasa da 35, a share gumin hammata, a riƙe hannun yaro a jikinsa kamar minti 5. Zaiba guba ce. Idan ma'aunin ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga, kada a taɓa da hannu, kada a share da tsintsiya. A kwashe da takarda mai kauri, a zuba a kwalba mai murfi. Saboda wannan haɗari ne yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe su daina ƙera irin wannan ma'auni. Idan za mu sayi sabo, mu nemi mai batir.

Abin da za mu iya yi tare

• A kwafi jerin lambobin da ke sama da manyan haruffa, a manna a ɗakin shan magani da wurin taron mata.

• A tara dukan ma'aunan da ke ƙauye rana ɗaya, a duba ko C ne ko F, a rubuta harafin a jikin kowanne.

• A gayyaci ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake gwada jariri, kowa ya gwada da hannunsa.

• A sa 'yan makaranta su koya wa iyayensu lissafin.

Tambayoyi don tattaunawa: Gida nawa ne a cikinmu ke da ma'aunin zafi, kuma wa ya iya karanta shi? Idan jariri ya kai 38 C da tsakar dare, wa zai kai shi asibiti, da wane kuɗi? A ina muke ajiye magani a watan Afrilu?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Duk lokacin da aka faɗa mana lambar zafi, ko a asibiti, ko a kanti, ko a littafi, mu tambaya: C ne ko F?